Fashin Baƙi: Abin Da Ya Sa Kyautar Ba-Zata Ke Wa Ma'aurata Wuya

Magidanci ya shiga Kantin Kwari da rana tsaka, ya ratsa layi bayan layi, ya sha turereniya da 'yan dako, har ya samu atamfar da ya tabbata za ta karɓi matarsa. Ba Sallah ake ba, ba biki, ba suna. So kawai yake ya ga fuskarta idan ya miƙa mata. Ya naɗe ledar ya cusa ƙarƙashin kujerar mota, a kan sai daren Juma'a. Ran Laraba da yamma ɗansa ɗan shekara biyar ya shiga motar neman ƙwallonsa, ya fito a guje yana cewa, "Umma, Abba ya sayo miki zani!" Shi ke nan, magana ta ƙare.

A ce ma yaron bai tona ba. Daren Juma'a ya zo, ta buɗe ledar, ta juya atamfar, ta yi murmushi ta ce, "An gode, Allah ya ƙara buɗi." Bayan ɗan shiru sai ta ce, "Maigida, nawa ka saye ta?" Washegari ya tsinkayo tana waya da ƙanwarta, tana cewa ai irinta ce aka yi anko da ita bara, kowa a unguwar yana da ita. Mutumin nan bai yi rowa ba, matar kuma ba ta yi butulci ba. Amma abin da ya fita nema bai samu ba, kuma da yawa daga cikin maza daga ranar suke cewa sun daina, gara su ba da kuɗin kowa ya huta.

Ina ganin wannan dainawar asara ce, shi ya sa nake son a warware maganar. Hadisin da Abu Huraira (RA) ya ruwaito sananne ne: ku yi wa juna kyauta, za ku so juna. Babu waɗanda suka fi buƙatar wannan kamar mutum biyun da suke kwana suna tashi tare, suna fama da cefane da kuɗin makaranta da rashin lafiyar yara. Tambayar ita ce, me ya sa abin da yake da sauƙi lokacin zance yake komawa jan aiki bayan an ɗaura aure?

A lokacin neman aure tazara ce take yi wa saurayi aiki. Ba ta san nawa ke aljihunsa ba, ba ta san inda ya wuni ba, ba ta ga ledar ba sai da ya ajiye a gabanta. Duk abin da ya kawo, turare ne ko waya ko ɗan kunne, daga wata duniyar da ba ta shiga ba ya fito. Aure kuwa rushe wannan tazarar yake yi, kuma don haka aka yi shi. Ba-zata tana buƙatar wurin ɓuya, gidan aure kuma ba shi da shi. Mace ita ke share ɗaki, ita ke jera kaya a sif, ita ke lalube aljihun riga kafin a kai wanki, nan take tsintar rasit. Mai ɗaki da falo a gidan haya ina zai kai kwali? Ko ya kai shago, yaron shago ya gani. Ko ya kai gidan abokinsa, matar abokin ta gani, kuma ita da matarsa suna haɗuwa a Islamiyya.

Waya ta ƙara dagula lissafin. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba da tiransifa, har mai tsire yana da lambar asusu a manne a jikin teburinsa. Duk cinikin da ka yi yana barin sawu: alat ya shigo, da sunan mai kayan da adadin kuɗin, wayar kuma tana hannun yara suna wasa ko tana kan gado tana caji. Mai kayan ma ba ta taimaka maka ba, domin tana gama ciniki za ta ɗora hoton a sitatus na WhatsApp ta rubuta an saya, matarka kuwa tana cikin masu kallo, wataƙila ma ta wurinta ka san mai kayan. Ɗan sahun da zai kawo saƙo, idan ya kira ba ka ɗauka ba, ƙofar gida zai buga ya ce a zo a karɓi saƙon Hajiya.

Sai kuma fuska. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, kuma matar da ta shekara goma da mutum ta san tarinsa na mura da na ɓoye magana. Yana fara fita tsakar gida don amsa waya, yana kife ta idan ta matso, ta gane akwai wani abu. Matsalar ita ce alamun mai shirya kyauta da na mai shirya ƙarin aure iri ɗaya ne. Zan dawo kan wannan.

Amma duk wannan ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da maganar aljihu. A tsarinmu ci da sha da sutura da wurin zama haƙƙi ne a kan miji, ba alfarma ba. To idan miji ya kawo atamfa, kyauta ce ko sauke nauyi? Idan azumi ya kai goma sha biyar ya shigo da leshi, ba ta ga ba-zata ba, ta ga kayan Sallah, kuma ƙila tun shigowar Sha'aban take lissafin su. Kafin abu ya amsa sunan kyauta a cikin aure, sai ya zama ƙari ne a kan haƙƙin da aka riga aka sauke. Mutumin da buhun shinkafarsa ya ƙare tun makon jiya, ana bin sa kuɗin makaranta na zango guda, idan ya shigo da agogo mai tsada ba murna zai tarar ba. Tambayar nan ta "nawa ka saya" da take ƙona wa maza rai, sau da yawa ba raini ba ne. Lissafi take yi, domin ita ce za ta tsaya gaban murhu gobe, ta san abin da ya rage a sito.

Shekarun nan kuma lissafin ya yi tsauri. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura har ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, alhali mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Zinare, wanda shi ne kyautar da mata suka fi daraja saboda ado ne kuma ajiya ce, farashinsa a kasuwar duniya ya wuce dala 4,000 kowace oza a Oktobar 2025. A irin wannan yanayi duk kuɗin da aka kashe ba tare da shawara ba, daga bakin wani abu aka cire shi. Ba-zata kuwa ma'anarta ke nan, kashe kuɗi ba shawara.

Ta ɓangaren mace abin ya sha bamban, ko da yake ba a cika maganarsa ba. Dukiyarta tata ce a shari'a, ko ta albashi ce, ko ta sana'ar cikin gida, ko kwasar adashe. Ta fi miji iya ɓoyo nesa ba kusa ba, domin akwai lungunan ɗakin da bai taɓa leƙawa ba. Inda take cin karo shi ne wajen karɓa. Ta yi wata shida tana zubi, ta kwasa, ta aika ƙaninta ya yanko shadda mai kyau, aka kai wa telan maigidan aka yi aiki. Ranar da ta miƙa masa, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Ina kika samu kuɗi?" Wani kuma sai ya ji kamar an ce masa ya gaza, kamar suturarsa ce ta tsufa har matarsa ta lura. Wani ya karɓa da murna, amma daga watan ya rage kuɗin cefane, tunda ashe tana da shi. Wannan na ƙarshen shi ya fi yi mini ciwo, domin ya koya wa matarsa darasin da ba za ta manta ba: nuna abin hannunka, a rage maka. An tarbiyyantar da maza da yawa a kan bayarwa kawai, ba a koya musu yadda ake karɓa ba, alhali yaba kyauta tukwici.

To a ce an samu wurin ɓoyo, an samu kuɗin. Me za a saya? A nan ne ma'aurata suka fi ruɗar kansu, saboda kowa yana ganin ya gama sanin ɗan'uwansa. Gaskiya ne miji da mata sun fi bare sanin juna. Wani masanin tattalin arziki a Amurka, Joel Waldfogel, ya tambayi ɗaliban Jami'ar Yale a 1993 nawa za su iya biya da kansu a kan kyaututtukan da aka ba su, ya gano cewa tsakanin kashi 10 cikin 100 zuwa kashi ɗaya cikin uku na darajar kaya yana salwanta idan wani ne ya zaɓa maka, kuma kyautar masoyi da aboki ita ce mafi ƙarancin asara, ta dangi na nesa ta fi yawa. Sai dai akwai wani binciken da ya fi ba ni mamaki. A 2011 wani mai bincike, Benjamin Scheibehenne, da abokan aikinsa sun sa masu zaman tare su yi hasashen abin da abokin zamansu zai fi so a cikin abinci da finafinai da tsarin kicin. Waɗanda suka shekara arba'in tare sun fi waɗanda suka shekara biyu yin kuskure, kuma duk da haka sun fi su tabbacin cewa sun canka daidai.

Ba a ƙasar Hausa aka yi binciken ba, amma duk wanda ya zauna da iyayensa ya san abin. Sabon ango yana kallo, yana tambaya, yana riƙewa. Bayan shekaru sai ya rufe littafin, ya ci gaba da aiki da abin da ya haddace a shekarar farko. Ta taɓa cewa tana son ruwan hoda tana amarya, to har ta aurar da 'ya ruwan hoda yake kawowa. Bai lura ba cewa ta haihu huɗu, takalminta ya ƙara lamba, ta bar gyale ta koma babban mayafi, turaren da take so a da yanzu yana sa mata ciwon kai. Ita ma haka: har yau hula take saya masa irin wadda yake sawa yana saurayi. Mutum yana canzawa a gaban idonka, kusancin ne yake hana ka gani.

Ga kuma yayi, wanda a kayan mata yake gudu kamar ruwan kwata bayan an ɗauke ruwan sama. Namiji yana ganin atamfa atamfa ce. Mace ta san wadda ta fito bana da wadda ta kwana biyu, ta san sufa ta san holan ta san kwaikwayonsu, tana taɓawa ta gane wadda za ta zuba a wankin farko. Ɗan kasuwa kuma yana ganin namiji shi kaɗai yana zaɓen kayan mata ya san ya samu wanda zai sauke wa kwantai. Shi ya sa kakanninmu ba su bar wa ango haɗa lefe ba. Yayyensa da gwaggwanninsa ke shiga kasuwa, a aika gidan amarya a karɓo lambar takalmi da awon sauran kaya, yanzu ma har akan ba ta dama ta zaɓa da kanta. Kyauta mafi girma da namiji yake yi wa mace a rayuwarsu, al'ada ba ta yarda a yi ta a makance ba.

Kyauta kuma magana ce, ko mai bayarwa bai nufa ba. Ka kawo na'urar markaɗe, ta ji kana cewa aikin gida ne matsayinta, ko kuma ta yi murna ƙwarai saboda ta gaji da aika yara inji, ya danganta da wace ce ita da kuma abin da ya gudana tsakaninku a makon. Ka kawo turare, wata ta ji daɗi, wata ta kwana tana tunanin ko wani abu ka ji. Ka kawo doguwar riga ta yi mata kaɗan, ka tuna mata ƙibar da take ƙoƙarin mantawa. Saurayi idan ya yi kuskure a kyauta, uzurinsa bai sani ba. Miji ba shi da wannan uzurin. Idan ya kawo abin da ba ta so, abin da take ji a ranta shi ne, shekara goma sha biyu muna tare ashe bai san ni ba. Wannan tsoron ne yake sa maza da yawa su ce gara kuɗi. Kuɗi ba ya yin kaɗan, ba ya yin yawa, ba ya tsufa. Amma kuɗin da aka miƙa wa uwar 'ya'ya kowa ya san inda yake ƙarewa: takalmin wannan, maganin wancan, cikon kuɗin gas.

Yanzu bari in koma kan zato, domin a ganina nan ne abin ya fi zama namu. A al'adar Bahaushe kusan kowace kyauta tsakanin namiji da mace tana da suna da dalili. Akwai toshi lokacin nema, akwai lefe, akwai kayan Sallah, akwai kayan fitar suna idan an haihu, akwai tsaraba idan an dawo daga tafiya ko aikin Hajji. Akwai abin da ake riƙawa idan za a je biko bayan yaji. Akwai kuma kayan faɗar kishiya, waɗanda miji ke haɗa wa matarsa idan zai sanar da ita zai ƙara aure. Duba jerin nan da kyau. Waɗanda suke zuwa a lokacin da aka sani, ba ba-zata ba ne. Waɗanda suke zuwa ba a shirya ba kuwa, na ban haƙuri ne ko na labarin da ba a so. To mace tana zaune ran Talata, ba Sallah ba haihuwa ba tafiya, miji ya shigo da akwati ko da sarƙa, me kake so zuciyarta ta fara rayawa? Ruwa ba ya tsami banza. Za ta ce, "Alhaji, lafiya dai ko?" kuma da gaske take tambaya.

Kada a ga laifinta. Ta ga an yi wa yayarta, ta ga an yi wa maƙwabciyarta. Idan a gida ba a saba ganin alheri ba sai an yi laifi ko ana shirin yi, to an ɓata sunan kyauta a gidan, kuma ba rana ɗaya za a gyara ba. Mijin da yake yawan shigowa da 'yar leda, yau tsire, jibi fura, wani makon ɗan kwali, shi ne idan ya kawo babba ba za a tsorata ba. Wanda ya shekara biyar bai kawo ko tsinke ba, ranar da ya kawo zinare dole a tambaye shi dalili. Maza ma suna da nasu zaton: mace ta yi girki na musamman ta kawo kyauta, sai ya gyara zama yana jiran buƙatar da za ta biyo baya.

A gidan da mata suka fi ɗaya, maganar ta wuce ta mutum biyu. Babu kyautar da za ta shiga ɗaki guda ba a sani ba a ɗayan, ko da gidajen a unguwa daban suke, domin yara suna zirga-zirga, dangi suna kai labari, wadda aka yi wa kuma ba don ta ajiye a akwati aka ba ta ba. Wannan ba sabon abu ba ne, har gidan da ya fi kowane gida ya taɓa. Bukhari ya ruwaito cewa sahabbai sukan jinkirta kyautarsu ga Manzon Allah (SAW) sai ranar da yake ɗakin Nana A'isha (RA), saboda sun san matsayinta a wurinsa, har sauran matan suka wakilta Ummu Salama (RA) ta yi masa magana a ce wa mutane su riƙa kai kyauta duk ɗakin da yake. Idan kyautar da ta fito daga waje ta ta da wannan, ina ga wadda miji ya zaɓa da hannunsa?

Malamai sun yi magana a kai. Rabon kwana wajibi ne a daidaita, babu saɓani. Game da abin da ya ƙaru a kan ciyarwa da tufatarwa na wajibi, malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa idan ya ba kowace haƙƙinta daidai da matsayinta, ba laifi ya ƙara wa wata, wasu malaman kuma irin su Ibn Taimiyya suna ganin daidaitawa wajibi ce a nan ma. Amma ko wanda ya ɗauki fatawa mai sauƙi ya san abin da zai tarar a tsakar gida. Shi ya sa mai mata biyu yake sayen komai biyu, iri ɗaya, launi ɗaya, a ajiye a ce uwargida ta fara ɗauka. An samu zaman lafiya, amma an rasa abin da ake nema a kyauta, wato mace ta ji cewa ita aka tuna, ba "matan gidan" ba. Abin da na ga ya fi dacewa shi ne a daidaita a daraja, a bambanta a zaɓi: wannan mai son karatu ce, waccan mai sana'ar ɗinki ce, kowace a kawo mata abin da ya yi kama da ita, kuma kada a ɓoye wa ɗaya abin da aka yi wa ɗaya. Yana da wuya, kuma yana buƙatar miji ya san matansa ɗaya bayan ɗaya, wanda dama shi ne aikin da ya ɗauka. Ko mai mace ɗaya ma bai tsira ba, idan mahaifiyarsa da ƙannensa mata suna gidan ko suna kusa. Da yawa sun san cewa in za a sayo wa mata turmi, to a sayo na Hajiya tukuna.

Akwai kuma abin da mai kyautar yake jira a ba shi. Jeff Galak na Jami'ar Carnegie Mellon da abokan aikinsa sun yi bayani a 2016 cewa yawancin kuskuren kyauta daga wuri ɗaya yake tasowa: mai bayarwa yana tunanin lokacin miƙawa ne, yadda za a buɗe a yi mamaki, mai karɓa kuwa yana tunanin yadda zai yi amfani da abin a watannin da ke tafe. Wato sau da yawa ba-zata buƙatar mai bayarwa ce. Shi yake son ya ga an zabura. A wurinmu kuwa an yi wa mace tarbiyyar kunya da kawaici, an ce mata rawar jiki a kan abin duniya zubar da aji ne. Za ta karɓa da hannu biyu, ta yi addu'a, ta kai ɗaki. Murnarta tana fitowa ne daga baya, ranar da ta ɗinka ta sa ta zauna inda zai gan ta, ko ranar da ya ji tana gaya wa mahaifiyarta. Wanda yake jiran ihu da tsalle sai ya ɗauka ba ta ji daɗi ba.

Bidiyoyin TikTok da Instagram ne suka ɗora wa mutane wannan jiran. An rufe wa mace ido, an kai ta gaban mota da aka ɗaura wa kyalle, ko an miƙo mata takardun naira da aka naɗe kamar furanni, mai kaɗe-kaɗe yana busa, ita tana kuka, wani yana ɗauka. Ba a nuna mana sau nawa aka maimaita ɗaukar ba, ko motar ta kwana a gidan. (Naɗe kuɗin nan ma Babban Bankin Najeriya ya lissafa shi cikin wulaƙanta naira, wanda dokar bankin ta 2007 ta tanadar wa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun.) Abin da ke damuna shi ne yarinyar da take kallon wannan a ɗakinta, mijinta ya shigo da ƙullin balangu da ya rage daga kuɗin mansa ya saya, ta ga kamar ba a yi mata komai ba. Da kuma shi mijin, da yake ganin tunda ba zai iya mota ba, gara kada ya fara.

Addininmu ma bai ɗauki kowace ba-zata a matsayin alheri ba. A hadisin Jabir (RA) da ke Bukhari da Muslim, an hana wanda ya daɗe a tafiya ya faɗo wa iyalinsa cikin dare ba sanarwa, kuma an faɗi dalili: don mace ta samu damar gyara kanta, kuma don kada ya zama kamar yana neman kama su da laifi. Darasin da nake ɗauka a nan shi ne, ana duba halin wanda za a yi wa abin, ba jin daɗin mai yi ba. Miji ya gayyato ƙawayenta da danginsa don ya ba ta mamaki, ita kuwa tana cikin kayan aikin gida, kanta ba kitso, falo a hargitse, wannan ba karramawa ba ce.

Hadisin da ya fi nuna mini inda bakin zaren yake kuwa ba na kyauta ba ne. Manzon Allah (SAW) ya ce wa Nana A'isha (RA) yana gane lokacin da take jin daɗinsa da lokacin da take fushi da shi: idan tana jin daɗi takan rantse da Ubangijin Muhammadu, idan tana fushi sai ta ce Ubangijin Ibrahim. Ta amsa cewa haka ne, amma sunan kawai take ƙaurace wa. Kalma ɗaya ce take canzawa a bakinta, ya lura, ya riƙe. Matan aure kullum suna faɗin abin da suke so, sai dai ba da sigar roƙo ba. Tana ninke kaya ta ce keken ɗinkin nan ya fara cin zare. Kuna wucewa a mota ta ce wancan mayafin ya yi kyau. Ta ce rabonta da ganin yayarta ta Gusau tun bikin wance. Ta ce ɗakin Inna yana yoyo, damina kuma ta kusa. Maza ma haka: ya ce gilashin karatunsa ya fara ba shi ciwon ido, ya ce takalmin masallacinsa ya cinye. Wanda ya ji ya yi shiru, ya rubuta a wayarsa in ya san zai manta, ya bari wata biyu ta wuce har mai maganar ta manta ta yi, sannan ya kawo, ya haɗa abu biyun da ake ganin ba sa haɗuwa. Abin da take so ne, domin ita ta faɗa. Kuma ba ta zata ba, domin ba ta san an ji ba.

Irin wannan ba ta cika buƙatar wurin ɓoyo ba. Bandir ɗin kwano gidan surukai za a kai shi kai tsaye, ita sai dai mahaifiyarta ta kira ta tana sa albarka. Kuɗin mota zuwa Gusau da izinin kwana uku ba ya barin rasit a aljihu. Zubin adashenta na wata guda, uwar adashe kawai za a samu a biya. Inda kuma dole sai an zaɓi launi ko awo, a yi abin da masu haɗa lefe suke yi, a nemi mace a cikin maganar: ƙanwarta, ko aminiyarta mai riƙe sirri, ko telarta, wadda awonta na bana yake cikin littafinta, kuma ta san ɗinkin da ta tsaya tana kallo a jikin bango ranar da ta zo karɓar kayan yara, ta tambayi kuɗinsa, ta ce sai wani lokaci.